Soron Walida a Hawa na Goma Sha Huɗu

Duk wanda ya san Walida Na'Allah a unguwar Wangsa Maju ya san ta da tef ɗin awo a jaka, yadda wasu mata ke yawo da turare. Ko gaisuwa ta zo gidanka, kafin ka kawo ruwa ta gama auna ƙofarka da ido. 'Yar Ƙofar Mata ce a Kano. Tana da shekara sha tara iyayenta suka turo ta Kuala Lumpur karatun zanen gine-gine, ta zauna a unguwar Danau Kota, su huɗu a ɗaki ɗaya, allon zanenta a kan akwati. Da ta gama, wani babban kamfani ya ɗauke ta. Shekara shida ta yi tana zana wuraren ajiye motoci a ƙarƙashin dogayen benaye, kuma ko sau ɗaya sunanta bai fito a takarda ba. Abin ya ishe ta.

Sai ta haɗa kai da Zaid, ɗan ƙasar ne, tsohon abokin karatunta da suka yi aiki tare a kamfanin. Suka kama ɗaki a saman wani shagon abinci na mamak, wato Indiyawa Musulmi, suka liƙa sunayensu a ƙofa. Walida ke da hannun zane, Zaid ke da lasisin sa hannu kafin hukuma ta karɓi aiki. In babu shi, babu kamfani.

Shekara biyu suka yi, aikin da ke shigowa bai wuce gyaran banɗaki ba. Suka je taron koyar da talla, inda wani mai kwat ya yi ta zuba: ku cika intanet da hotuna, ku nuna kun iya abin zamani. Walida ta rubuce komai kamar ɗalibar da ke jiran jarabawa. Ta dawo ta zana gidajen gilashi masu walƙiya, irin waɗanda ba wanda ya taɓa shanya tsumma a cikinsu, ta watsa. Wa ya kula? Abokan karatunta, sai Gwaggonta ta Kano da ke rubuta "Masha Allah" a ƙarƙashin kowanne, har wanda aka sa bisa kuskure.

Ana tsakiyar azumi Zaid ya ja kujera ya zauna gabanta. Kak yake kiranta, wato Yaya a yarensu.

"Kak Walida, kin san ina ganin girmanki. Amma ina da iyali, lah. Tsohon kamfaninmu na nemana. Sati biyu bayan Raya, Sallah ke nan, zan koma."

Ba ta roƙe shi ba, don ba halinta ba ne. Ta ce Allah ya sa alheri, ta sauka ta tsaya a bakin titi tana kallon jirgin ƙasan LRT na wucewa. Komawa zanen wurin ajiye motoci ya fi mata komai ciwo.

To akwai wani ɗan aiki da ta yi kafin azumi, wanda ko lissafa shi ba ta yi cikin ayyukanta. Anti Ramatu ce, mai sayar wa ɗalibanmu kuka da daddawa da manja daga gidanta na hawa na goma sha huɗu a Danau Kota, ta kira ta da faɗa.

"Ke Walida, wai ku masu zanen nan ba ku san mace na zama a gida ba? Ana buɗe ƙofa an gan ni har kicin! Sau ashirin nake gudun neman hijabi a rana. Jiya customer ya danna ƙararrawa, na tashi da gudu, tukunya ta bi ni."

Walida ta auna, ta kira kafinta. Cikin kwana biyar ta yanki taku uku daga falon, ta tsayar da shinge na siraran katakai: na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin komai. Ta sa benci, ta sa wurin takalma, ta buɗe ƙaramar taga ta miƙa kaya. Wato dai soro, irin na gidan kakanta, sai dai wannan a sararin sama yake.

Ko hoto ba ta ɗauka ba. Kunya take ji. Wai a ce ta ƙetaro teku, ta yi digiri biyu, ta ƙare da yin soro? A nan kam ni ma na ga laifinta. Abu a hannunta, tana leƙen na wasu.

Sallah ta zo. A ƙasar nan al'ada ce bayan azumi kowa ya buɗe gidansa, maƙwabci da baƙo su shigo su ci su sha, a yi ta yi har wata ya ƙare. Anti Ramatu ta yi nata ranar uku ga Sallah, masa da miyar taushe gefe guda, rendang ɗin maƙwabta, naman da suke dafawa da kwakwa, gefe guda. Walida ta je ne don kar a ce ba ta je ba.

Tana fitowa daga lif ta tarar da cunkoso a bakin ƙofa. Wata dattijuwa 'yar ƙasar, Puan Salmiah, wato Malama Salmiah, maƙwabciyar Anti Ramatu, ta zauna a kan bencin ta ƙi shiga. Sai buɗe tagar take tana rufewa.

"Wa ya yi wannan?" in ji ta.

Anti Ramatu ta nuna Walida da ludayi.

"'Yata, shekara talatin ina rataye ɗankwalina a ƙusa bayan ƙofa. Mai kawo tapau, abincin oda, ya zo, in ruga. Mai gyaran famfo ya zo, in ruga. Gwiwoyina sun gaji. Boleh, za ki iya yi mini irinsa?"

Walida ta dubi sauran matan. Ba ta san lokacin da tambayar ta fito daga bakinta ba: "Ku fa, ina kuke ajiye naku in an danna ƙararrawa?"

Wurin ya kaure da dariya. Wata ta ce a kan firji. Wata ta ce a mariƙin ƙofa. Wata ta rantse ta taɓa yafa labule. Nan take Walida ta gane cewa abin da take ɓoyewa shi ne abin da babu mai yi a garin sai ita.

Kwana goma ta yi tana bin gidajen Sallah, daga Danau Kota zuwa Titiwangsa, wannan ta kai ta gidan ƙanwarta, waccan ta kai ta gidan surukarta. Ba kati, ba takardar talla. Ta cire takalmi, ta ci abin da aka ba ta, ta yi tambayar nan guda ɗaya, sannan ta zaro tef. Ta ci rendang har siket ya fara matse ta. Zaid yana ƙauyensu hutun Sallah, ba ta gaya masa komai ba.

Ranar Litinin ɗin da ya zo kwashe kayansa, ya hau matakala da kwali a hannu, sai ya ga takalman mata jere har ƙasa. Ya tura ƙofa. Mata tara ne zaune, wasu a kujera, wasu a kan tabarma, Puan Salmiah na rarraba musu biskit ɗin Sallah kamar ofishin nata ne. A bango Walida ta manna zanen gidaje sha tara. Bakwai daga ciki sai an matsar da bango, aikin da ba ya yiwuwa sai da sa hannunsa.

Ya daɗe yana kallon zanen. Walida ta tsaya, hannu a ƙirji. Rabonta da alfahari irin na ranar tun da ta bar Kano.

"Kak," ya ce a hankali, "namu gidan ma haka ƙofar take. Kullum matata sai ta yi wannan ƙorafin. Ni mai zanen gini ne, kuma ban taɓa jin abin da take faɗa ba."

Ya ajiye kwalin a bayan ƙofa, ya ja kujera kusa da dattijuwar, ya ɗauki fensir.

"Puan, mu fara da naki. Ta wane gefe ƙofar ke buɗewa?"