Shirun da Malama Atine Ta Bari a Waya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, labari ya iso mana a unguwarmu ta Kabong cewa Malama Atine Datong ta rasu bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Ranar Asabar muka kai ki makwancinki, Malama. Mun dawo muna zaune jugum a tsakar gidanku, sai ga muryarki daga bayan tankin ruwa: "Kun ɓuya? To, ga ni nan zuwa." Wata tsohuwa ta saki kofin shayi. Ni kuwa na kasa waiwayawa. Ashe yara ne suka kunna waya suna wasan ɓuya.

Wanda bai san ki ba zai yi mamakin abin da ya haɗa malamar firamare da tsofaffin wayoyi. Ke ce kike bin masu gyaran waya a Titin Bauchi kina roƙon waɗanda aka yar, marasa layi, masu fasasshen gilashi, ki ɗauki muryarki a ciki ki raba wa yaran unguwa. Karatu, lissafi, kacici-kacici, har ƙirgan wasan ɓuya, don kin ce ba a taɓa haifar yaron da zai ƙirga goma bai tsallake bakwai ba. Muna kukan waya ta lalata yara, ke kina mai da ita aji.

Bayan kowace tambaya kikan bar shiru don yaro ya amsa, sannan ki ce madalla. 'Yata Firisila tana da in'ina, dariyar 'yan aji ta rufe mata baki. Ita kika yi wa nata darasin daban, da shiru mai tsawo, kamar kin auna harshenta. Wayar nan kaɗai take yi wa karatu a bayyane. Ko ni na shiga ɗaki sai ta yi tsit.

Bayan jana'iza mahaifinta Livinus ya ce a karɓe wayar, yarinya ba za ta zauna tana hira da wadda ke kabari ba. Ni ma abin yana ba ni tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na san ranar da aka karɓe ta, bakin 'yata ya rufe ke nan.

Jiya da yamma na tsaya a bakin ƙofa. Firisila ta kunna darasin ƙarshe, wanda kika aiko daga gadon asibiti, ba ta taɓa buɗe shi ba. Kika ce ta karanta miki shafi na gaba, ta fara, tana tuntuɓe tana tashi. Shirun nan ba irin wanda muka saba ba ne. Ana jin numfashinki a ciki, da tari, da takun wani yana wucewa. Ta gama, madalla ba ta zo ba. Tana jira, ina jira, sai kika yi magana.

"Maman Firisila, na san kina laɓe a bakin ƙofa. Shigo ki zauna. Ni na gaji, ke za ki riƙa jira yanzu."

Na shiga na zauna a ƙasa. Yarinyar ta daɗe tana kallona, sannan ta koma farkon shafi. Wata kalma ta maƙale mata, na cije leɓena har ta fito da kanta. Da ta kai ƙarshe, ni na ce madalla.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Baba Dung, da 'ya'yanki Magadaliya da Natana'el, da yaran Kabong da har yanzu suke ɓuya idan kin ƙirga. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ubangiji ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa. Kin jira 'ya'yanmu ba ki ƙosa ba, Malama. Allah ya sa kada a bar ki kina jira, ya tarbe ki da madalla.