Saƙon Baba zuwa rijiyar Dakoro

Asubar fari muka bar gari, ni da wasu fatake uku masu kai gero arewa. Su da jakai, ni da gorar ruwa da magana ɗaya a baki. Baba ya ƙi a rubuta takarda. Ya ce, "Wa zai karanta mashi a daji? Ka ce wa yayanka na yafe, ya zo in ji muryarshi tun ina da rai." Shekara bakwai ke nan da suka yi faɗa, yayana ya kora shanunshi ya tafi.

A Ɗan Gulbi fatake suka karkata yamma, na rage ni kaɗai. Kwana biyu daga rairayi sai ƙaya, ban samu wanda zan yi wa sallama ba. Ina tafe ina maimaita saƙon da ƙarfi don kada in sauya kalma, har wata barewa ta tsaya tana kallona kamar ita aka aiko ni wurinta.

A can, bakin rijiya ake jin labari. Duk wanda ya zo ban ruwa sai ya faɗi wanda ya gani da inda ya nufa. A rijiyar da na fara tararwa, wani Buzu ya ba ni cuku, ya zana mani shaidar shanun yayana a ƙasa, ya ce a rijiyar Dakoro ya gan su.

Da na isa, toka na tarar da kashin shanu. Na tambayi wani tsoho mai ɗinkin guga labarin yayana, ya ce, "Shekaranjiya suka yi arewa. Ba ka cim masu a ƙafa, ɗana." Na zauna, na gaya mashi saƙon Baba na kawo wa yayana. Can ya ce, "Ba ni maganar. Kowa ta nan yake biyowa." Na faɗa, ya maimaita sau uku. A na biyu ya manta da "na yafe", sai da na tuna mashi.

Komowa ta fi mani nisa, don ba abin da zan maimaita. Baba ya ji takuna, ya ce, "Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba."

Na gaya mashi wurin wanda na baro saƙon. Ya ce, "Tsohon nan, da sauran ƙarfinshi?"

Tafiyar nan ta koya mani cewa maganar da ta fi ƙarfin ƙafarka, dole ka ba baƙo amanarta. Yanzu duk wanda ya fito arewa, Baba yakan sa a kai mashi ruwa, a tambaye shi. Har yau ba wanda ya zo da amsa.