Hannun Hagu a Bakin Tulun Inna

Ni ƴar wani ƙauye ce a gefen Olelewa. A lakwal, wato makarantar boko, ban wuce aji uku ba, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin ya faru ɗana ɗaya ne, bai daɗe da yaye ba, mijina kuma ya tafi nema arewa, wata biyar ba aike ba labari. Allah ya yi ni da fargaba, yaro ya yi tari sau ɗaya sai in kwana ban runtsa ba. A bazarar nan hatsinmu ya ƙare, ƙafafun ɗana suka sirance, gashinsa ya yi ja. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, don kada a ce mijina ya gaza.

Innata tana da wani tulu da duk gidanmu ake shakkarsa. Kowace kaka takan zaɓi waken iri ƙwaya-ƙwaya, ta gauraya da toka don kada ƙwari su ci, ta liƙe bakin da yumɓu, sannan ta danna tafin hannunta a kai. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Takan ce irin daga hannun kakarta ya fito, bai taɓa yankewa ba. Da na je ganin gida, rannan kowa ya tafi suna a maƙwabta, ni na ce kaina ke ciwo. Da rana tsaka na fasa liƙin, na tankaɗe tokar, na ƙulle waken a zanen goyo, na cika tulun da tsakuwa da toka, na sake liƙewa, na danna hannuna kamar yadda take yi. Na koma gidana da shi. Ɗana ya ci ya ɗan murmure.

Da ruwa ya sauka Inna ta fasa liƙin tulu gaban mutanen gida, sai tsakuwa. Nan take yayana ya juya kan matarsa, saboda ita ke soya ƙosai ranar kasuwa. Ya ce ai yanzu ya gane inda ribarta ke fitowa, ta tattara kayanta. Baiwar Allah ta rantse har muryarta ta dushe. Labarin ya iske ni a bakin rijiya, na ji kamar in faɗa ciki, amma na yi gum. Wannan shirun ya fi satar ci mini rai har yau.

Kwana uku bayan haka sai ga Inna a amalanke. Ta sha ruwa, ta ɗauki jikanta ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ajiye guntun yumɓun a tabarma, ta ɗora hannunta na dama a kai. Babban yatsa ya fita ta wani gefe daban. Cikin sauri da hagu na danna, kuma duk gidanmu ni kaɗai ce bahaguwa. Ta ce shekara nawa ta yi tana bugun hannun nan a bakin akushi bai ji ba, yau ga shi ya ba da shaida da kansa. Na faɗi a ƙafafunta ina kuka.

Ta ce kwana ukun nan ta yi su tana auna abin. In ta faɗa a tsakar gida, surukaina za su ji, sunan ɓarauniya ya bi ni ya bi ɗana. In ta yi shiru, auren ƴar mutane ya mutu a banza, ita kuwa ba za ta tuɓe wa ƴar wani zane ta rufe tata ba. Ta ce da na buɗe baki da akuyarta ta sayar, ko ni ban fi akuya ba ne a wurinta? Hukuncinta shi ne in bi ta gida, mu huɗu a ɗaki da yayana da matarsa, in faɗa da bakina, kuma daminar nan a gonarta zan yi ta.

Na bi ta, na faɗa. Yayana ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon matarsa. Ita kuwa ta share hawaye ta ce tunda cikin yaro waken ya shiga ta yafe, amma in sani daga yau surfen waken ƙosanta a wuyana yake, da hagun da daman duka. Har Inna sai da ta yi dariya. Yayana ya nemi gafararta a gabanmu.

Irin ma bai yanke ba. Wata ƙawar Inna da ta taɓa ɗibar wa a shekarun baya ta kawo mana cikin ƙoƙo, muka shuka, Allah ya sa albarka. Mijina ya dawo kafin girbi, na gaya masa komai. Da kaka Inna ta cika tulu, ta miƙo mini yumɓu ta ce in liƙe, in danna hagun nan tawa, kowa ya san mai gadi.

Ƴan'uwana mata, yunwa ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne ya kai ni ga abin kunya. In kin matsu ki faɗa, kada ki bari wata ta ɗauki laifinki. Iyaye kuma, in ɗanku ya taɓa kayanku, kada ku rufe ƙarya, kada kuma ku rufe masa ƙofa. Tulun yana nan a ɗakin Inna da hannuna a bakinsa, muna jiran ruwa.