Mohammed-Awal, mutumin da ya hana mu rufa wa juna asiri

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Mai kowa ya karɓi abinsa. Mohammed-Awal, jami'in kiyaye haɗurra na kamfanin sufurin da nake tuƙi a cikinsa a nan Doha, ya idar da azahar a masallacin garejinmu na Umm Salal, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Mu na Allah ne, kuma can muka nufa gaba ɗaya.

Yaya Awal, ka tafi da maganata a hannunka. Kwana biyu kafin rasuwarka na same ka na faɗa maka abin da na ɓoye wata takwas: hawan jinin ido ya cinye mini gefen idon hagu, alhali kullum ina ɗaukar ma'aikata hamsin da biyu a bas daga Umm Salal zuwa wuraren gini a Lusail. Nan take ka cire ni daga tuƙi, ka sa ni duba tayoyi a gareji. Ka ce ranar Alhamis za mu shiga wurin manaja tare, ka roƙa a bar ni a wannan aiki maimakon a sallame ni. Ba ka kai Alhamis ba.

Ba zan yi maka ƙarya bayan ranka ba, da farko ba na ƙaunarka. Da aka kawo ka shekara shida da suka wuce, mu 'yan Arewa muka ce an turo mana ɗan leƙen asiri daga Zangon Kumasi na ƙasar Ghana. Idan ka doso da rigarka mai ƙyalli, hira ta mutu. Kai ma ba ka raga mana. Kakan ce ɗan Najeriya zai iya kama da wuta, a tambaye shi yaya gida, ya ce lafiya lau.

Gaskiyarka ce. Mun zo da al'adarmu ta rufin asiri, muka zuba ta a inda ba wurinta ba. Birki ya kusa ƙwace wa mutum, sai mu ce Allah ya kiyaye gaba, mu ja bakinmu mu yi shiru. Mun san idan labari ya hau sama suna za a nema, sunan kuma a gaban kafil zai tsaya, wato ubangidan da izinin zamanmu a ƙasar ke hannunsa, ƙarshenta a sa ɗan'uwa a jirgi a mayar da shi gida. A bakin ƙofar gareji akwai allo da ake rubuta kwanakin da aka yi ba haɗari, manaja na ji da shi sosai. Allon ya kai kwana ɗari huɗu da wani abu a lokacin da jak ɗin ɗaga mota ya murƙushe wa Mu'azu, wani direba ɗan Azare, yatsu biyu. Muka ɗaure masa da tsumma, ya yi mako guda yana tuƙi da hannu ɗaya da rabi, don kada a ce shi ya ɓata allo. Da ka gano, da kanka ka kai shi asibiti, amma yatsa ɗaya ya riga ya lalace, sai yanke shi aka yi.

Washegari ka ɗauki tsumma ka goge allon a gaban manaja, ka rubuta sifili. Ka gaya masa allon ba ya ƙirga lafiyarmu, shirunmu yake ƙirgawa. Na tabbata ranar ka kusa rasa aikinka. Ban san me kuka tattauna a ofis ba, abin da na sani an sauke allon, an kuma yarda cewa duk wanda ya kawo labarin haɗarin da ya kusa faruwa ba za a rubuta sunansa ba.

Daga nan ka kafa zaman da muke kira zaman saura ƙiris, kowace Alhamis bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfar wanke motoci. Makon farko muka shanye maka shayi muka watse ba wanda ya ce uffan. Mako na biyu ma haka. A na uku ka ajiye kofi ka ba mu naka labarin, yadda a kamfanin da ka fara aiki ka sa hannu a takardar duba mota ba tare da ka duba ba, taya ta fashe a hanya, wani bawan Allah ya gurgunce har yau. Ka yi hawaye a gabanmu, mu da muke zaginka a bayan ido. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Kafin magariba direbobi shida sun amsa cewa gyangyaɗi na fizgar su a dawowar rana, cikin wata guda aka sake tsarin aiki.

Duk wanda ya ce Allah ya kiyaye, amsarka ɗaya ce:

"Amin, ɗan'uwa. Yalla, maza, yanzu faɗa mini yadda aka yi."

Ba ka taɓa tambayar wa ya yi ba. Kullum kana neman abin da ya sa mai hankali ya ga gara ya yi shiru. Kakan ce tsoro shi ne babban haɗarin da ke garejin nan, ya fi tsohuwar taya.

Bayan mun binne ka aka kawo sabon jami'i. Ba mugu ba ne, amma takardar kawo rahoto da ya fara raba mana tana da gurbin suna da lambar ma'aikaci. Alhamis biyu ke nan ba wanda ya je rumfa. Ni kuwa, da yake ba ka rubuta sunana ko'ina ba, babu wanda ya san dalilin da ya sa aka ajiye ni a gareji, sai aka mayar da ni kan mota. Na karɓi makulli ban ce komai ba. Amanar da ka riƙe mini ita na mayar mafaka, na yi kwana shida ina tuƙi. Ina da 'ya'ya biyar a Funtuwa, da su na riƙa lallashin zuciyata.

Ranar Laraba da safe, a wani shataletale a Lusail, mai babur ɗin kai abinci ya shigo ta haguna. Ban gan shi ba ko kaɗan. Ihun mutanen da ke bayana ne ya sa na taka birki. Ya tsira, ya juyo ya dube ni, ya wuce. Na gangara gefen titi. Wani daga cikin mutanen da na ɗauko ya dafa ni ya ce khalas, magana ta ƙare, Allah ya kiyaye, ba wanda zai ji. Na kashe mota na kira gareji a turo wani direba.

Jiya na shiga ofishin manaja ni kaɗai, na ajiye makulli da takardar likita, na rubuta sunana da hannuna. Na makara, Yaya Awal, ka yafe mini.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Mohammed-Awal, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa rayukan da ya tsare su zama hujja gare shi ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Ajaratu, da 'ya'yansa Kamil da Nafeesa, da jama'ar Zangon Kumasi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya tsaya muku a bayansa. Ni ma ku sa ni a addu'a. Ranar Lahadi za su gaya mini ko in koma duba tayoyi ko in haɗa kayana, kuma wanda zai yi magana a madadina ba ya nan.

Surajo Funtuwa
Umm Salal, Doha