Ranar da Na Ɓoye wa Na'ura Ciwona

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da kwana biyun da na yi da na'ura manne a ƙirjina ba.

Lokacin ina noman shinkafa a fadamar Zauro, gidana yana Badariya. Jiri ya matsa mini. Ina sunkuye ina aiki sai in ji zuciyata ta yi tsit, idona ya rufe. Sau biyu ana tsamo ni daga ruwa. In an kai ni asibiti kuma a auna, a ce lafiyata ƙalau. Ni da ko ƙofa na kulle sai na koma na duba, ku ƙiyasta halin da na shiga.

Ana haka wani ɗan ajinmu na firamare a Argungu ya zo ganin gida. Benci ɗaya muka zauna. Ni na tsaya a aji shida, shi ya wuce har ƙasar waje ya zama farfesa. Bincikensa a kan wutar da ke sa zuciya bugawa ne, da yadda jijiyoyi ke kai saƙo. Ban san girmansa ba sai da ya raka ni asibiti, na ga likita ya miƙe tsaye, yana cewa rubuce-rubucensa suka karanta a makaranta. Ni kuwa wanda nake tsare wa riga a bakin gulbi in ya shiga iyo kawai nake gani.

Suka manna mini wayoyi da wani ɗan akwati kamar ƙaramar rediyo, mai rubuta bugun zuciya. Farfesa da ɗalibansa suka yi aikin na'urar, ita kaɗai ya zo da ita, kuma kwana uku suka rage masa ya koma. Ya ce, "Tai ka yi harkokinka, gobe ka dawo."

Ina fita tunani ya taso. Kayan mutane amana ne. In gumi ya shiga fa? In na faɗa ruwa da ita? Sai na sa farar riga, na shimfiɗa tabarma a zaure, na zauna kamar baƙo. Ko tari a hankali nake yi. Salla ma a zaune na yi, ina ta istigfari. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wai awo anka yi maka ko gadi anka ba ka?"

Washegari farfesa ya daɗe yana kallon kwamfuta.

"Mi kay yi jiya?"

"Wallahi ban yi komi ba. Ga ta nan, ko ƙura babu."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Mutumina, har yanzu kana nan da halinka! Ciwonka na fadama, kai ko ka kawo min zuciyar mai hutu. Koma inda shika kama ka. In ta lalace na yafe."

Dama ɗaya ta rage. Na naɗe akwatin da leda, na roƙi maƙwabcin gonata ya tsaya kusa, na shiga laka. Kafin azahar jirin ya zo.

Da safe farfesa ya nuna mini layin bugun zuciyata a kwamfuta yana hawa yana sauka, sannan ya miƙe sambal na ɗan lokaci. Ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Nan ta tsaya." Wannan karon bai yi dariya ba. Da hannunsa ya rubuta mini takarda zuwa babban asibiti, inda aka sa mini ɗan batir mai taya zuciya bugawa a ƙarƙashin fata. Har yau ina noma.

Farfesa ya daɗe bai zo gida ba, kuma ina kewar dariyar nan. Amma na riƙe darasi: in ka je neman magani, ka kai kanka yadda kake, da gumi da laka. Tsantseni abu ne mai kyau, sai dai ranar nan saura kaɗan in tsare kayan mutane in rasa raina.