Ambulan ɗin da na zubar a Barking

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Barking, can ƙasar Turawa, ina da maƙwabci, wani dattijo ɗan ƙasar Paraguay. Mawaƙi ne, amma na biro da takarda, ba na kalangu ba. Da harshe biyu yake rubutu: Sifaniyanci, da Guarani, harshen mahaifiyarsa. Ni ko ɗaya ba na ji, amma in yana karanta mini sai in yi ta kaɗa kai kamar farfesa, har wuyana ya ƙage.

"Alhaji, ka gane?"

"Sosai ma, Baba!"

"Maƙaryaci," in ji shi, yana dariya har da tari.

Tarin nan ne ya kai shi asibiti, bai dawo ba. Council, wato ƙaramar hukumar da ke da gidan, suka ba da mako guda a kwashe flat ɗin, 'yarsa kuma tana ƙasarsu tana jiran biza. Makulli yana hannuna. Abu ɗaya ta roƙe ni ta waya: "Waƙoƙinsa kawai, don Allah."

Na shiga da zafina. Na tarar da fayil huɗu tsaf-tsaf, an buga da na'ura, na rungume su kamar jarirai. A ƙarƙashin gado kuwa leda-leda ne cike da tsofaffin ambulan na council da na asibiti, bayansu duk jagwalgwalon fensir. Na ce tsufa ke nan, tara shara. Na juye su a kwandon sharar recycling, mota ta kwashe ranar Talata.

Da 'yar ta iso na miƙa mata fayilolin ina hura hanci. Ta buɗe ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan na Sifaniyanci ne, sun fito a littafi tuni. Ina ambulan ɗin?"

Ashe na Guarani ba a tebur yake rubuta su ba. Duk inda suka zo masa, takardar da ke hannunsa yake juyawa. Bai taɓa kwafe ko ɗaya ba.

Na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Muka birkice flat ɗin, muka samu guda ɗaya tak a bayan firji. Ta karanta, na ce, "Me ya ce?"

"Shinkafa. Albasa. Sabulu."

Ta ninke shi a hankali ta sa a jakarta.

Har yau ana kirana sarkin barkwanci, amma wannan labarin ban taɓa samun inda zan sa masa dariya ba. Na ga rubutun da ban iya karantawa ba, na yanke masa hukuncin shara. Lambar 'yarsa tana cikin wayata ranar, kuma ban kira ba.