Hannun da Aka Ara wa Shugaba

Shekara ashirin da ɗoriya ina ciyar da 'yan fim daga bayan motata, kuma abu ɗaya na riƙe: duk wanda ya fara zuwa layin shinkafa, ba shi da magana a fim ɗin. Jarumai a motocinsu ake kai musu. Masu rige-rigen su ne 'yan cikon benci, waɗanda ake tarawa su gifta ta bayan jarumi, ko su kwanta a ce gawa ce. A cikinsu kuwa ban taɓa ganin wanda ya riga Pyo Chil-bok miƙo faranti ba.

Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya bi sahun yaran lokeshan yana ce min Inna don kawai ya ba ni haushi. Asalinsa mai gyaran rediyo ne a kasuwar kayan lantarki ta tsakiyar Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Wata rana aka zo ɗaukar fim a layinsu, aka ce ya rungumi rediyo ya gifta. Ya gifta, shi ke nan fim ya shiga jininsa. Ya rufe shago ya bi kyamara, ya bar matarsa Ok-bun da gida. Ita ta yi ta sayar da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, da soyayyen kifi a kasuwar unguwa har ta aurar da 'yarsu Mi-suk. Na san ta sosai, don a wajenta nake sarin kimchi. A gabana ya sha ce mata, "Maman Mi-suk, ki ƙara haƙuri. Wata rana za ki gan ni na cika allon silima, daga ni sai ni."

Takan ce, "To Baban Mi-suk, ka dai fara cika mana tulun shinkafa."

Shekara talatin ba ta ga komai nasa a fim ba sai ƙeyarsa da kafaɗarsa. Ya mutu a yaƙe-yaƙen sarakuna ba adadi. Sau ɗaya kunnensa ya fito sosai a wani fim, ya kwashe mu gaba ɗaya muka je kallon kunne.

Sai ciwon mantuwa ya kama Ok-bun. Ta fara da barin tukunya a wuta, ta koma ɓata a hanyar kasuwar da ta yi rayuwarta a ciki, har ta kai ga kallon mijinta ta ce, "Malam, wa kake nema?" Abu ɗaya ne bai gudu ba. Idan ya ba ta hannu, takan bi tabon ƙunar dalma da ke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ashe kai ne."

A wannan shekarar aka fara fim ɗin Shugaba Gong Man-ho, wanda ya kafa kamfanin Darisol. A benci ɗaya ya fara haɗa rediyo, a kasuwar da Chil-bok ya baro, ya mutu wayoyin kamfaninsa suna cikin aljihun rabin mutanen duniya. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin fim ɗin, don haka suka ajiye mana wani Mista Seonu mai baƙar kwat a bayan kujerar darakta. Bai taɓa cin abincina ba, kuma ban yafe ba. Aikinsa tsaron mutuncin mamaci. Idan jarumi ya yi hamma, sai ya ce Shugaba ba ya hamma. Idan ya sosa wuya, Shugaba ba ya susa. Ni dai a ganina mutumin nan ko atishawa bai yi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A ƙarshen fim ɗin, Shugaba ya tsufa, ya koma tsohon bencinsa ya sake haɗa rediyonsa na farko. Kyamara za ta sauka kan hannuwa kaɗai. Jarumin kuwa hannunsa sumul kamar awara, kuma tsoron ƙarfen dalma yake kamar maciji. Aka ce a nemo tsoho mai hannun aiki. Chil-bok ya ajiye faranti bai gama ba, abin da ban taɓa gani ba, ya tafi gwaji.

Na bi shi da ludayi a hannu. Ya zauna ya ɗauki ƙarfen, duk wanda ke wurin ya ga ya san abin. Amma bakin ƙarfen yana kaɗawa. Ba sosai ba, sai dai kyamara ba ta rufa wa kowa asiri.

Mista Seonu ya ce, "Hannun Shugaba bai taɓa rawa ba."

Darakta Seol, wata 'yar siririya da ba ta shan komai a wajena sai romo, ta daɗe tana kallon tabon yatsun nan. Ta ce, "Baba, wannan fitowar ita ce ta ƙarshe da za mu ɗauka, sai kaka. Idan hannun ya tsaya kafin nan, taka ce. In bai tsaya ba, zan kawo yaro a zana masa tsufa."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa benci.

Daga ranar ya daina kofi, ya daina giya, ya bar taba. Ya ɗaura ƙullin shinkafa a wuyan hannu yana yawo da shi. Da an gama cin rana sai ya zauna a gindin motata da kwanon wake biyu, yana tsintar ƙwaya da tsinkayen cin abinci na ƙarfe daga wannan zuwa wancan. Rabin waken a ƙasa yake ƙarewa, kuma wakena ne.

Na ce, "Yaya, tantabarun lokeshan nan sun gode. Har ƙiba suka yi."

"Ki bar ni, Inna."

"Uwarka ce Inna. Wai duk wannan wahalar a kan me? Ko fuskarka ba za a gani ba. Hannunka za a yanka a liƙa wa wani, a ce na Shugaba ne."

Ya kama wata ƙwaya, ta tsere, ya bi ta. Ya ce, "Fuskar me? Ko Shugaban gaba ɗaya suka ba ni in fito, Maman Mi-suk ba za ta gane ni ba. Hannun nan kaɗai ya rage mata. Likita ya ce shi ma ba zai daɗe ba."

Ban sake yi masa maganar wake ba. Na koma bayan mota na yanka albasar da ba na bukata.

Zafi ya wuce, ganye ya fara ja, tantabaru suka fara ramewa. Ya kai ga kwashe kwano guda babu ƙwayar da ta faɗi. Na yi murna har na ƙara masa nama a ɓoye.

Ranar ɗauka na buɗe tukwane da sassafe, 'yan cikon benci suka yi layi, babu Chil-bok. Sai da layin ya ƙare ya shigo, ya sha wanka, hannunsa babu faranti.

Na ce, "Zo ka ci, kada yunwa ta kaɗa maka hannu."

"Na ci a gida."

"Wa ya dafa? Me ka ci?"

Ya kalli takalminsa. "Miyar ganyen teku."

Ludayi ya kuɓuce min. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a shan miyar ganyen teku ranar jarrabawa. Santsi gare ta, mutum zamewa yake. Babu uwar da za ta ba ɗanta ita ranar da zai nemi aiki, ni kaina ban taɓa dafa ta a lokeshan ranar fara fim ba.

Na ce, "Ka haukace? Wata da watanni kana ciyar da tsuntsaye da wakena, sai yau ka ɗura wa cikinka santsi?"

"Yau ranar haihuwata ce. Ta lissafin wata. Ni ma na manta, takardar lokeshan kawai nake dubawa."

Wannan ma kowa ya sani: ranar haihuwa da miyar nan ake karyawa.

Ya ce, "Na farka na ji ƙamshin man riɗi. Na zata gobara za ta yi mana, na fito da gudu. Sai na tarar Maman Mi-suk ta jiƙa ganyen, ta soya nama, ta jera kwano. Matar da rabonta da kunna wuta tun bara. Ta ce min, 'Malam, zauna ka sha, yau aka haifi Baban Mi-suk, shi kuma ya fita.' Yaya zan yi, Inna?"

"Sai ka kurɓa kaɗan ka ajiye!"

"Kwano biyu na sha. Ta zuba gishiri kamar teku, amma ta tsaya a kaina tana kallo."

Har yau ban san yadda aka yi ranar ta dawo mata ba. Na zage shi tas, sannan na ciro alewa mai danƙo da na saya masa tun jiya, irin wadda ake ba 'yan jarrabawa don su manne, na cusa masa a baki har ya kasa magana. Na ce su je can ciki su yi dambe da miyar.

Aka kunna fitilu. An gina tsohon shagon kamar gaske, har da ƙura. Aka sa wa Chil-bok rigar jarumi, aka naɗe hannun rigar. A gefe ga yaron da aka tanada, an riga an zana masa jijiyoyi da tamoji, yana ta danna waya da hannun tsofaffi. Darakta ta ce a fara. Chil-bok ya ɗauki ƙarfen, ya kai bakin waya, dalma ta fara narkewa. Sai ƙarfen ya zame, ya sauka a gefen ɗan yatsansa na nuni. Har inda nake na ji ƙaurin fata.

Mista Seonu ya miƙe yana gyara kwat. Darakta ta juya wajen yaron.

Chil-bok ya ajiye ƙarfen a mazauninsa a hankali, ya tashi ya sunkuya. Ya ce, "Darakta, a ƙara min ɗaya. Miyar ta karɓi rabonta, ba ta bin mu komai."

Babu wanda ya gane sai ni, na kuwa yi dariya mai ƙarfi a inda aka hana ko tari. Darakta ta kalle ni, ta kalle shi, ta ce, "Ɗaya."

Aka kawo bandeji ya ƙi, ya ce zai fito a hoto. Na kawo ƙanƙara ya ƙi, ya ce yatsan zai mutu. Ya zauna da ƙunarsa, ya kafa ƙaramin yatsa a kan benci, ya ja numfashi. Wannan karon bakin ƙarfen ya tsaya cak. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na tashi siriri, gumi na ɗiga daga haɓarsa inda kyamara ba ta gani. Ya murɗa maɓalli, rediyon ya yi tsaki, ya kama waƙa.

Mista Seonu ya leƙa allon darakta ya ce, "Akwai bororo a yatsan. Shugaba..."

Ta ce, "Za mu goge da kwamfuta."

Fim ya fito da bazara. Ba a gayyace mu bikin buɗewa ba, dama wa zai gayyaci hannu? Muka je kallon safe, na tsofaffi, a wata ƙaramar silima. Na bi su don in taya shi da Ok-bun, wadda ta rame ta koma kamar yarinya. Muka sa ta a tsakiya. Kafin Shugaba ya gama talauci ta yi barci. Ta yi barci ya gina masana'anta, ta yi barci ya ci kasuwar duniya. Chil-bok bai kalli ko ɗaya ba, ita yake kallo, ni kuma tsoro ya cika ni kada a ce mun makara, hannun ma ta manta shi.

Da tsohon shagon ya bayyana, ya taɓa kafaɗarta. "Baiwar Allah, dubi can."

Ta buɗe ido. Hannuwa biyu sun cika allon daga bango zuwa bango, kowane tabo ya kai faɗin tire. Ga bororon nan a gefen yatsa, ba a goge ba. Ko mantawa Darakta ta yi, ban tambaya ba.

Ok-bun ta miƙe zaune. Ta ce da ƙarfi, har na gaba suka waiwayo, "Kai! Ya sake ƙona kansa. Mutumin nan ba ya ji." Ta zunguri Chil-bok da gwiwar hannu. "Malam, ka ga wancan? Mijina ne."

Ya ce, "Na gan shi. Ya cika allon kuwa?"

"Ya cika mana. Ai dama ya ce zai cika."

Na ga ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, don kada ta kama su ta ɗauke ido daga can. Haka ya zauna har rediyon ya kama waƙa, kyamara ta ɗaga, fuskar jarumi ta fito. Ok-bun ta ja tsaki ta ce wannan kuma waye. Ni kuka nake, ban ɓoye ba.

Aka kunna fitila. Ta yunƙura za ta tashi ta kasa, ya miƙa mata hannu. Ta riƙe, ta bi tabon ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan sabon, ta tsaya a nan tana shafawa. Ta ɗaga kai ta kalli allon da ya yi fari, ta dawo ta kalle shi.

"Ashe kai ne. Yaushe ka fito daga can?"

Ya ce, "Yanzun nan, Maman Mi-suk. Mu je gida."